Lafintar Malam Aƙilu

Idan ka haɗu da Malam Aƙilu a hanya ka tambaye shi ina zuwa, amsarsa ɗaya ce: "Nan gaba kaɗan." Ko masallaci za shi haka zai ce maka. Waɗanda suka san shi tun yana saurayi a unguwar Dawaki sun ce da can ba haka yake ba, mutum ne mai sakin baki, abin da ke cikinsa shi ke kan harshensa. Mutanen Gombe ne suka koya masa rufe ciki, shi kuma da ya tashi koyo sai ya wuce malamansa.

Bafulatanin gari ne, kakansa ne na ƙarshe da ya bi shanu a gidansu. Bai gaji sanda ba, bai kuma yi nisa a boko ba. Da ƙuruciyarsa ya tafi Jos neman abin yi, ya samu aikin lambu a gidan wata tsohuwa 'yar Lebanon, kuma a nan ya san lafinta. Da shi ma kamar kowa ya ɗauka lafinta sunan turare ne kawai, irin wanda dattawa ke shafawa ranar Juma'a. Ashe tsiro ne ɗan gajere mai siraran ganye masu launin toka, wanda in ya yi fure yakan fito da zangarniya shunayya, ka murza ta a yatsa ƙanshin ya wuni tare da kai. Tsohuwar daga ƙasarsu ta zo da shi, ita ce kuma ta koya wa Aƙilu halinsa: ba ya son jiƙa, ba ya son taki mai yawa, kuma ba kasafai yake fitowa daga ƙwayar iri ba, sai dai a yanki reshe a dasa. Da rikicin Jos ya ƙi ƙarewa, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita, wanda ya sayi gidan ya rushe shi har da lambun ya gina gidan mai. Aƙilu ya dawo Gombe da matarsa Fatimatu, da ɗan abin da suka tara, da gwangwanayen lafinta da ya rungumo a cinya tun daga tasha har gida.

Sana'ar farko da ya kama ita ce sayar da dashen furanni da na mangwaro a bakin titi. Kasuwa ta buɗe masa, don lokacin ana ta gine-gine. Duk wanda ya tsaya ya tambaye shi yadda ake haɗa ƙasa a leda, sai ya zauna ya koya masa har da nuni. Kafin shekara ta zagayo, mutum biyar sun jera ledojinsu a gefensa, biyu daga ciki a bakinsa suka koya, kuma su ne suka fara karya farashi. Ya bar musu titin ya koma kiwon salwa, lokacin da aka fara yayin cewa ƙwanta magani ne. Nan ma maƙwabcinsa ya leƙo ya ga keji, ya yi tambaya, ya samu amsa. Ba a jima ba kowane zaure a Dawaki kukan salwa yake yi, ƙwai ya zama abin kyauta ga yara. Wannan hali namu ne, ba sai an ɓoye ba: ba ma ƙirƙira, amma mutum ya fara abu ya ga haske, gobe gari duka ya fara.

Ranar da ya sayar da kejinsa na ƙarshe ya rantse wa Fatimatu cewa an yi na ƙarshe. Lafinta ce kaɗai abin da yake da shi wanda babu mai irinsa a faɗin Gombe. Zai noma ta, ya tatsi manta ya sayar wa masu haɗa turare, kuma babu mahalukin da zai san sunanta sai ranar da kwalba ta shiga kasuwa.

Yana da fili a Tumfure, can bayan gari inda sababbin gidaje ke tsirowa a tsakiyar gonakin wake. Tun yana Jos ya saye shi da niyyar gini. Maimakon bulo sai ya sayo tsofaffin kwanon rufi ya kewaye filin da su, ya yi shingen da ya fi tsayin mutum, ya sa ƙofa da kwaɗo biyu. Sannan ya kwashe gwangwanayen gida kaf ya kai can.

"Malam, ka bar ko guda ɗaya a nan mana," in ji Fatimatu. "Ba a san abin da zai faru ba."

"In bar shi a tsakar gidan da mata ke shiga barka da gaisuwa? Wata ta ce kai, wannan ganye da ƙanshi, ta tsinka ta ƙulle a bakin zane. Reshe ɗaya ya isa, Fatu. Reshe ɗaya kawai."

Gaskiya ya sha wahala, kuma wahalar ta cancanci a yaba. Lafinta 'yar sanyi ce, Gombe kuwa ba Jos ba ce. Bazarar farko rana ta ƙone masa rabi, damina ta zo ta ruɓar da saiwar rabin abin da ya saura. Ya zauna ya yi ta gwaji. Ya ɗaga fangali ya cika su da yashi da tsakuwa don kada ruwa ya kwanta. Ya shimfiɗa baƙar raga a sama ta tare zafin rana. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ban ruwa, don in ya zuba da yawa ta mutu, in ya rage ta mutu. A ƙarshe ya samo dabara: ya sayo ƙananan tukwanen ƙasa, ya binne su har wuya a tsakanin shuke-shuken, ya riƙa cika su da ruwa yana rufe bakinsu da murfi. Ruwan sai ya riƙa tsatsowa a hankali ta jikin tukunya, saiwa ta bi danshi ta nannaɗe ta. Daga baya ya haɗa tukwanen da siririn tiyo don ya huta da ɗaukar bokiti. Shuka ta karɓa, ta yi kyau, ya yi ta yankan rassa yana ƙara fangali.

Duk wannan yana faruwa ne a shekarun da gari ba lafiya. Mutane na ta kwararowa daga Borno da Yobe da abin da suka iya ɗauka. Aka kafa shingayen bincike a kan tituna, kuma a kowane shinge doka ɗaya ce: mai kaya shi zai buɗe kayansa da hannunsa, masu bincike suna tsaye nesa. Da bam ya tashi a tashar mota a cikin gari, sai tsoro ya shiga ko'ina. Aka daina ajiye leda a ƙofar masallaci ko coci. Kowace unguwa ta kafa 'yan sintiri, aka ce kowa ya san maƙwabcinsa, ya san abin da yake yi.

Malam Aƙilu ya ji duk wannan, ya yi jimami kamar kowa, amma ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa maganar ta shafe shi ba. Ya ga dai idanu sun yi yawa a kan shingensa. Ya ga mai gini na kusa yana daɗewa a saman bene yana duban ragar. Ya ga hira na mutuwa in ya sauka daga keke a bakin hanya. Duk sai ya fassara su da abu ɗaya: sun fara jin ƙanshin arziki, suna neman hanyar shiga.

Shugaban 'yan sintirin wajen wani ne Jaji, tsohon mafarauci, dogo, marar yawan magana. Wata safiya ya tare shi a ƙofa.

"Jam, Malam. An zo lafiya? Me ake shukawa ne a ciki haka, har da rufi?"

"Ɗan ganyen maganin basir ne," in ji Aƙilu, yana tsaye ya tare ƙofar da jikinsa.

Jaji ya ce Allah ya ba da sa'a, ya wuce. Abin da Aƙilu ya manta shi ne, makon da ya wuce ya gaya wa mai shagon bakin hanya cewa ciyawar dabbobi ce, kafin nan kuma ya gaya wa mai kawo masa ruwa a kura cewa ba komai a ciki sai kayan gini. Shi a ganinsa wayo ya yi, ya raba musu hankali. Bai san su ukun a benci ɗaya suke shan shayi ba.

Da sanyin wannan shekara ya fara ja baya, lafinta ta ɗauki kan fure a karon farko, fangali bayan fangali. Lokacin shirya abin tatsar mai ya yi. Ya ga yadda tsohuwar Jos take yi: a turara furen, tururin ya bi ta bututun da ke cikin ruwan sanyi, ya ɗigo da mai. Sai ya sayi tsohuwar tukunyar gas a wurin 'yan gwangwan, ya samo bututun jan ƙarfe daga matacciyar firij, ya naɗe su a buhu ya kai wa Cornelius.

Cornelius mai walda ne, Batangale daga Kaltungo, rumfarsa na nan Tumfure. Shi ya haɗa wa Aƙilu ƙofar gonar, suna kuma shiri, don sun taɓa zaman Jos lokaci guda. Sai dai an ɗan samu sanyi tsakaninsu tun ranar da Cornelius ya ji ƙanshi a jikin rigar Aƙilu, ya ce matarsa Edna na son furanni, ko zai samu ɗan reshe ta sa a gwangwani. Aƙilu ya ce turaren kanti ne. Tun daga ranar ya sa Cornelius a sahun masu fako.

Cornelius ya buɗe buhun, ya ga abin da ke ciki, ya yi sauri ya mayar ya rufe, ya dubi hagu da dama.

"Malam Aƙilu, ka san abin da ka ɗauko kuwa? Da wannan ka shigo keke?"

"Tukunya ce da bututu, Baban Emma. Ka yanke mata kai, ka yi mata murfi mai ɗaurewa tam, ka liƙa bututun a sama."

"Na mene ne?"

"Aiki ne nawa."

"Ka ji ni da kyau. An tara mu masu walda an ce duk wanda ya kawo silinda a yanka ko a liƙa mata wani abu, mu faɗa. Da irin wannan ake haɗa abin da ke kashe mutane. Ni na san ka, ban ce kai ne ba. Amma ka kai ni in ga abin da kake yi da idona, in wani ya yi magana ni zan tsaya maka."

Aƙilu ya yi murmushi a ransa. Wato da reshe bai samu ba, yanzu ta nan aka ɓullo. Ya ɗauki buhunsa ya ce zai nemi wani, ya saɓa a kafaɗa ya bi ta gaban masu shayi har gona.

A gida Fatimatu ta gaya masa ta je suna a maƙwabta, tana shiga mata suka yi tsit, wata ma ta janye ɗanta daga kusa da ita. Ta ce ita tsoro take ji. Ta roƙe shi ya kira mai unguwar Tumfure ya buɗe masa ƙofar nan ya gani.

"Hassada ce," in ji shi. "Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan in yanka."

Bai kai ga yankan ba. Wata safiya ya iso ya tarar da mutane tsaitsaye nesa da shingensa, Jaji da yaransa da gorori, da mai unguwa Bappayo, dattijo mai sanyin murya wanda ba ya son fitina. Cornelius na can baya, kansa a ƙasa.

"Malam Aƙilu," in ji Bappayo, "magana ta yi yawa a kanka. An hango ka daga bene kana binne tukwane masu murfi, an ga waya ta bi ta kansu. An ga silinda. Mene ne a cikin tukwanen?"

"Ruwa ne, Bappa. Kuma ba waya ba ce, tiyo ne."

"Shukar fa?"

Nan ne Aƙilu ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu kwaɗayi a ko ɗaya. Tsoro ne zalla, kuma shi ake tsoro. Abin da ya ɓoye shekara da shekaru ya fito daga bakinsa a gaban taro.

"Lafinta ce. Turare ake yi da ita. Silindar ta tatsar mai ce."

"Ni maganin basir ka ce mini," in ji Jaji, ba tare da ɗaga murya ba. "Mai shago ka ce masa ciyawa. Mai ruwa ka ce masa kayan gini. Yau kuma turare. Wanne za mu ɗauka?"

Bappayo ya matso kusa da shi ya rage murya. Ya ce maganar ta riga ta wuce unguwa, an ba shi zuwa azahar. Ko dai su tabbatar da idonsu babu komai a ƙasar nan, ko kuma jami'an tsaro su zo da bindigogi su tabbatar da kansu, kuma kowa ya san waɗanda aka ɗauka a irin wannan zargi ba duka suke dawowa ba. Dattijon ba mugunta yake yi ba, ransa yake neman ceta, kuma Aƙilu ya gane haka.

Aka cire kwanon gaba, aka yaye ragar don a riƙa hangowa daga nesa. Sannan aka bi dokar zamanin: mai kaya shi ke buɗe kayansa. Suka ja baya suka laɓe a bayan wani kango, suka bar shi shi kaɗai da fartanya. Ya roƙa a bar shi ya buɗe murfin kawai, ya zura hannu su gani. Jaji ya ce ba cikin tukunya kaɗai ake magana ba, har da ƙarƙashinta.

Ya durƙusa a kan ta farko ya tona a hankali yadda zai iya. Amma dabararsa ta yi aiki fiye da kima, saiwa ta kama jikin tukunyar kamar gammo, babu yadda za ka ɗaga ɗaya ka bar ɗaya. Ya ji ƙarar tsinkewarta a tafin hannunsa. Ya ɗaga tukunyar sama, ya tuntsurar da ruwan, ya kife ta. Daga bayan kango aka ce ya ci gaba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, rana na ɗagawa, shuka na faɗuwa a gefe da kan furenta da bai buɗe ba. Ƙanshi ya cika wurin har ya kai bakin titi. Wani daga cikin 'yan sintiri ya ce lallai dai turaren gaskiya ne, amma babu wanda ya ce a tsaya, don babu wanda zai iya rantsuwa a kan tukunyar da ba a ɗaga ba. Aƙilu yana tono yana hawaye, bai kuma damu da wanda ya gani ba.

Duk da haka bai yanke ƙauna ba. Ya san in ya samu yinin nan ya yanki rassa ya tsoma a yashi mai danshi cikin inuwa, wasu za su kama. Sai dai kafin ya wanke hannu mota ta iso. Waɗanda aka kai wa rahoto sun ce ko ba a samu komai ba, sai mai silinda ya zo ya yi bayani da bakinsa. Ya ce a ba shi ɗan lokaci ya rufe shukarsa, aka ce ya shiga mota.

Kwanakin da ya yi a can ba ya son maganarsu. Bappayo da Cornelius ne suka yi ta sintiri har aka sake shi, Cornelius ya rufe rumfarsa ya bar aiki don wannan. Da aka sallame shi bai nufi gida ba, Tumfure ya wuce. Zafin bazara ya riga ya shigo. Lafintar na nan kwance inda ya bar ta, ta bushe ƙarau, in ka taɓa sai ta marmashe. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana karya reshe yana neman ɗanye a ciki, bai samu ko ɗaya ba.

Yana zaune a kan kifaffiyar tukunya sai wani tunani ya zo masa, har ya miƙe tsaye. Gaban gonar a buɗe yake tun ranar. Duk unguwa ta ji sunan shukar, ta ji ƙanshinta, ta ji cewa kuɗi ake yi da ita. Mutanen da suka kwashe masa sana'ar furanni, suka kwashe ta salwa, ai ba za su ga wannan a yashe su wuce ba. Tabbas wani ya tsinki reshe tun tana ɗanya. Tabbas yanzu haka tana cikin wani gwangwanin madara a bayan wani ɗaki, ana ba ta ruwa a ɓoye.

Bai taɓa son ɓarawo ba sai ranar. Ya shiga zagaya Tumfure yana leƙen katanga, yana duban bakin rijiyoyi da gindin randuna. Ya tsayar da mata masu ɗiban ruwa, ya tambayi magina. Kowa ya ce masa Allah ya kiyaye gaba, kowa ya ce bai taɓa ba. Bai yarda ba, ya ce kunya ce ta hana su faɗa. A ƙarshe ya je ya sami Jaji a bencin mai shayi, ya zauna kusa da shi, ya yi magana da muryar roƙo.

"Hamma Jaji, don Allah ka taya ni cigiya a cikin yaranka da mutanen unguwa. Duk wanda ya ɗauki reshe, na yafe masa duniya da lahira. Ba karɓa zan yi ba. Ya riƙe, ya noma, ya sayar, ni zan koya masa yadda ake yi. Ɗan yanki kawai zai ba ni in ta yi girma."

Jaji ya ajiye kofinsa, fuskarsa ta nuna an taɓa masa mutunci.

"Haba Malam. Mun zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, sannan mu bari a yi maka sata? Tun da motar nan ta tafi da kai na sa gadi a wurin, dare da rana, ni da kaina nake kwana. Mata sun zo, yara sun zo, har matarka ta zo da bokiti tana kuka, na ce ta yi haƙuri, babu mai shiga sai mai wuri ya dawo. Wallahi ko ganye ɗaya bai fita daga gonarka ba."

Malam Aƙilu ya miƙe daga bencin. Ya san Jaji ba ya ƙarya.

"Na gode," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."